Tsallen Kwaɗo A Tsakar Rana: Abin Da Malamai Da Iyaye Ya Kamata Su Sani Game Da Tsamin Jini



Shekara ashirin da ƴan kai ke nan ina riƙe da alli. Tun da na fito daga makarantar horon malamai ta Maraɗi nake zagaya ƙauyukan Mayahi da Tasawa, yanzu kuma ina koyarwa a yankin Sarkin Hausa. Na yi kurakurai da dama a wannan aiki, amma akwai guda ɗaya wanda har yau in na tuna shi sai gabana ya faɗi. Shi ne dalilin wannan rubutu.

Wata rana ce cikin watan Afrilu, lokacin da rairayi ke ƙona ƙafa ko da takalmi. Yara biyar ƴan ajin CM1 suka makara a zaman yamma. Ni kuwa na yi musu abin da aka yi mana muna yara: tsallen kwaɗo daga bakin aji zuwa gindin bedi, sau goma. Huɗu suka gama suna haki suna dariya. Na biyar ɗin wani siririn yaro ne mai rawaya-rawayan idanu, wanda nake wa kallon malalaci saboda yawan fashi. A zagaye na shida ya zauna, ya ce ƙafarsa. Na ce ƙarya yake. Ya roƙi ruwa, na ce sai ya gama. Kafin a yi la'asar yaron nan yana birgima a ƙasa, yana kuka da ƙafafu da baya, numfashinsa na fita da ƙarfi. A kan amalanke muka kai shi gidan likita, kuma kwana huɗu ya yi ana ƙara masa ruwa.

Ma'aikacin jinyar da ya karɓe mu ya ja ni gefe ya ce: "Mushe, ka san yaron nan yana da amosanin jini?" Na ce wallahi ban sani ba. Mahaifinsa ya sani, amma bai taɓa faɗa wa makaranta ba. Da na tambaye shi dalili sai ya sunkuyar da kai ya ce: "Malam, in maganar ta fita wa zai auri ƙannensa mata?" Daga baya na ji cewa abin da ya makarar da yaron shi ne an aike shi rijiya ya shayar da awaki, ya taho makaranta da gudu. Wato ya iso mini jikinsa ya riga ya bushe, ni kuma na ƙarasa shi.

Wata kalma da ma'aikacin jinyar ya faɗa ce ta tsaya mini a rai. Ya ce gudu da ƙishirwa suna sa jini ya yi tsami, tsamin kuma shi ke tayar da ciwon. Na koma littattafan kimiyyar jikin ɗan Adam, na yi ta tambayar likitoci duk inda na haɗu da su. Abin da na fahimta ya sauya yadda nake tafiyar da aji, kuma ina ganin kowane malami da kowane uba da uwa na da haƙƙin su san shi.

Masana na auna tsamin abu da wani ma'auni da ake kira pH, wanda wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Sorensen ya ƙirƙiro a 1909. Tsabtataccen ruwa yana kan 7. Abin da ya yi ƙasa da haka mai tsami ne, kamar ruwan lemun tsami da ke wajen 2. Abin da ya haura 7 kuwa yana ɓangaren kanwa da toka. Jinin mai lafiya yana zaune ne tsakanin 7.35 da 7.45, kuma jiki ba ya yarda ya fita daga wannan ɗan siririn tsakani. Da ya sauka ƙasa da 7.35 sai likitoci su ce jinin ya yi tsami, ko da yake ba tsamin da harshe zai ɗanɗana ba ne. Masu gadin wannan ma'auni biyu ne. Huhu yana fitar da iskar kabon da jiki ya gama da ita, wadda in ta taru cikin jini take zama asid, kuma yana iya gyara abu cikin mintoci. Ƙoda tana zubar da asid cikin fitsari ta kuma adana sinadarin bikabonet mai kashe tsami, amma aikinta na ɗaukar awoyi zuwa kwanaki, kuma ba ta iya shi sai da isasshen ruwa.

To ina ruwan tsami da gudanar jini? Wanda ya taɓa ganin aikin ban-ruwa a Jiratawa ya san yadda manomi ke buɗe wa wannan fili ruwa ya toshe wa wancan. Haka jijiyoyin jini suke. Ƙanananu daga cikinsu suna da tsoka a jikin bangonsu, wadda ke matsewa ko ta saki. In yaro na gudu, tsokar cinyarsa na fitar da iskar kabon da asid, wurin ya ɗan yi tsami, sai jijiyoyin da ke wurin su saki su buɗe, jini ya kwararo da yawa. Bugu da ƙari, sinadarin himoglobin da ke ɗauke da iskar oksijin cikin jajayen ƙwayoyin jini yana saurin sakin kayansa a inda ya tarar da tsami. Wani likita mai suna Christian Bohr ne ya bayyana haka a 1904. Ashe ɗan tsamin nan saƙo ne da gaɓar da ke aiki ke aikawa cewa a ƙaro mata abinci. Hikimar Ubangiji ke nan.

Kowa na iya gwada wannan a jikinsa. Matan da ke hura wuta a murhu da ɗanyen icce sun san jirin da ke ɗibar mutum in ya daɗe yana hurawa. Abin da ya faru shi ne ya fitar da iskar kabon fiye da kima, tsamin jininsa ya ragu, sai jijiyoyin ƙwaƙwalwa suka matse, jinin da ke isa can ya yi ƙasa. Da ya huta kaɗan, iskar ta sake taruwa, sai su buɗe, jirin ya wuce.

Matsalar tana farawa ne in tsamin ya tashi daga gaɓa ɗaya ya game jiki duka. In ruwan jiki ya ragu, jini ya yi kaɗan a hanya, jiki yakan fara da matse jijiyoyin hannu da ƙafa da fata don ya tanada wa zuciya da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa za ka taɓa yaro jikinsa zafi rau amma tafin hannunsa da sanyi. Sassan da aka rage wa jini ba sa samun isasshiyar oksijin, sai su koma samar da ƙarfi ta hanyar da ke barin asid mai yawa. In abin ya yi nisa, ma'aunin ya gangara wajen 7.2 ko ƙasa, bugun zuciya na raunana, jijiyoyin kuma su daina jin umarnin matsewa, su saki gaba ɗaya. Ƙarfin tafiyar jini ya faɗi, oksijin ya ƙara ƙaranci, asid ya ƙara yawa. Jijiyoyin huhu su kuma akasin haka suke yi, matsewa suke, su ƙara wa zuciyar da ta gaji nauyi. Kowane mataki na jawo na gaba, kuma yaro ƙarami ba shi da ajiyar da zai daɗe yana jurewa.

A ƙasarmu ƙofofi uku ne suka fi kai yara ga wannan hali.

Ta farko ita ce amosanin jini, wadda wasu ke kira sikila. Himoglobin ɗin mai wannan cuta, da zarar ya saki oksijin, sai ya sandare, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje. Wani likita a birnin Shikago na Amurka, James Herrick, shi ya fara rubuta bayanin irin waɗannan ƙwayoyi a 1910. Ku tuna mun ce tsami na sa himoglobin ya saki oksijin da wuri. To ga mai sikila wannan alherin shi ke zama masifa: tsami ya ƙaru, ƙwayoyi suka lanƙwashe, suka cushe a ƙananan jijiyoyi, jinin da ƙishirwa ta kaurara ya kasa wucewa, bayan cushewar kuma tsami ya sake ƙaruwa. Wannan shi ne ciwon ƙashin da yarona ke birgima saboda shi. Cutar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da rabin gadonta, wato AS, kuma mu da Katsina da Daura jini ɗaya ne, iyaka ba ta raba mu ba. In masu AS biyu suka yi aure, kowane ciki na da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Don haka malamin da ke da yara sittin ko saba'in a gabansa kada ya ɗauka babu mai ita a cikinsu. Su kansu masu AS, waɗanda galibi lafiyarsu lau, an ga wasunsu sun yanke jiki sun faɗi a horon soja mai tsanani a Amurka, inda zafi da ƙishirwa da wahala suka haɗu.

Ta biyu ita ce zazzaɓin cizon sauro, wanda ke cika gidajen likitanmu daga Agusta zuwa Oktoba. Ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna mannewa a bangon ƙananan jijiyoyi su rage hanya, wasu kuma su fashe, jini ya yi ƙaranci. Sakamakon dai ɗaya ne, oksijin ba ya isa inda ake bukatarsa, asid ya taru. A 1995 likitoci a Kilifi ta ƙasar Kenya sun wallafa nazarin da suka yi kan yara fiye da 1,800 da aka kwantar da wannan zazzaɓi, suka nuna cewa alamu biyu ne suka fi nuna yaron da ke bakin mutuwa: gushewar hankali da wahalar numfashi. Wannan numfashi mai zurfi, wanda ƙirji ke ɗagawa yana sauka kamar na wanda ya yi tsere alhali yaron a kwance yake, ƙoƙarin huhu ne na fitar da tsami. Wani likitan Jamus, Kussmaul, ya bayyana irinsa tun 1874 a jikin masu ciwon suga da ya yi tsanani. Mu kuwa a gida sai mu ce sanyi ne ya kama ƙirji, a shafa man zafi, a jira gari ya waye.

Ta uku ita ce gudawa. Mai gudawa yana asarar ruwa, yana kuma asarar bikabonet ɗin nan mai kashe tsami, domin hanji cike yake da shi. Wanda ya ga annobar amai da gudawa da ta auka wa yankin Madarunfa a 2018 ya san yadda take kayar da ƙato cikin awoyi. Shi ya sa ƙunshin garin gishiri da sukari da ake bayarwa a gidan likita ya ƙunshi har da wani sinadari mai rage tsamin jini. Ana zuba ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, tare da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14.

A nan dole in ja kunne, domin na san da an ji kalmar tsami wasu za su ce to a daina ba yara kunun tsamiya da lemun tsami da nono, a jiƙa musu kanwa. Masu tallar magani a kasuwa da lasifika, da masu aiko saƙo a WhatsApp, sun daɗe suna cin kasuwa da wannan magana, wai abinci kaza na sa asid a jini, ruwa kaza na wanke shi. Cikin mutum da kansa ya fi kunun tsamiya tsami nesa ba kusa ba, kuma abin da mai lafiya ya ci ba ya iya gusar da ma'aunin jininsa daga inda huhu da ƙoda suka tsayar da shi. Kanwa kuwa cike take da sinadarin sodiyam irin na gishiri, mai riƙe ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya kaya. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan gazawar zuciya ga masu jego da yawan shan kunun kanwa haɗe da zafin wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Tsamin jini na gaske maganinsa a kawar da abin da ya jawo shi: a mayar da ruwan da aka rasa, a kashe ƙwayar zazzaɓi, a ƙara jini in ya yi ƙasa. Wannan kuwa aikin likita ne. Haka nan kada a ba yaro mai zazzaɓi asfirin na tebur, domin shi ma in ya yi yawa yana ƙara tsamin.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, domin sun faɗa mini a taron malamai. Wani ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu ma da tsallen kwaɗo aka tashe mu, ga mu nan ba mu mutu ba. Na ce masa gaskiya ne, amma waɗanda suka rayu ne kaɗai ke ba da wannan shaida. Ka tuna ƴan ajinku nawa aka ce iska ta taɓa su, ko maita ta kama su, suka bar makaranta ba a sake jin labarinsu ba? Ban ce a bar yara su yi abin da suka ga dama ba. Makararre na iya share aji, ya ba itatuwan makaranta ruwa da sanyin safiya, ya rubuta darasi sau biyu, a kira ubansa. Horon da malami bai san iyakarsa a jikin yaro ba, bai kamata ya ba da shi ba.

Wani ya ce to a hana wasan motsa jiki ke nan? A'a. Gudu da ƙwallo da langa suna ƙara wa zuciya da jijiyoyi lafiya, kuma ɗan tsamin da suke kawowa yana wucewa da kansa in yaro ya huta. Bambancin shi ne mai wasa in ya gaji yakan tsaya ya sha ruwa, wanda ake horo kuwa tsoron bulala ba ya barinsa ya tsaya. Mai amosanin jini ma yana iya wasa daidai ƙarfinsa, muddin an bar shi ya huta lokacin da jikinsa ya ce ya isa.

Wata malama ta ce in aka bari kowa ya sha ruwa lokacin da ya so, aji zai zama kasuwa, ga shi makarantu da yawa ba su da famfo, rijiyoyinmu kuma gaba da yawa ne. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, ban raina shi ba. Amma randa ɗaya da moɗa a bayan aji ba ta fi ƙarfin kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata ba. A ajina kowane yaro na zuwa da ƴar gorarsa, kuma bayan mako biyu abin ya daina zama abin wasa a wurinsu. Yaron da ke zaune cikin rumfar zana a zafin da ya haura digiri 40 ba zai fahimci lissafi da busasshen maƙogwaro ba.

Akwai kuma masu cewa mu malamai ne, ba likitoci ba. Haka ne. Ba a ce mu yi allura ba. Amma yaro na wuni a gabanmu fiye da yadda yake wuni a gaban likita a shekara guda, kuma ido da hannu sun isa ganin abubuwan da zan lissafa.

Ga abin da nake roƙo.

Na farko, a daina duk wani horo na gudu, tsallen kwaɗo, durƙuso a rana ko ɗaukar dutse, musamman daga Maris zuwa Yuni. Kada kuma a taɓa mayar da hana ruwa ko hana fita fitsari hanyar ladabtarwa. Mai sikila ƙodarsa ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran yara, don haka yawan fitarsa ba iskanci ba ne.

Na biyu, iyaye ku faɗa wa darakta da malamin aji in ɗanku na da amosanin jini, ko ciwon suga, ko wata cuta mai dawowa. Mu kuma malamai mu riƙe amana, kada maganar ta zama abin tsokana a filin wasa. In yaro na yawan ciwon ƙashi, idonsa na yin rawaya, ko yana jariri hannuwansa da ƙafafunsa sun sha kumbura, a nemi gwajin jini a Mayahi ko Tasawa ko Maraɗi. Akwai ma cibiyar ƙasa ta masu wannan cuta a Yamai. Samari da ƴan mata kuma su yi gwaji tun kafin magana ta yi nisa.

Na uku, mu koyi kallon numfashi. Yaro mai zazzaɓi ko gudawa da ke numfashi mai zurfi ko mai sauri, ko tafin hannunsa ya yi sanyi, ko ya kasa sha, ko barci ya rinjaye shi ba ya farkawa sosai, ko ya yi jijjiga, ba a kwana da shi a gida. Ga ƙanana ana iya ƙirgawa da agogon waya: daga wata 2 zuwa shekara 1, numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya ya yi yawa, daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40. A danna farcen yaro ya yi fari a saki; in ya wuce daƙiƙa 3 jan bai dawo ba, jini ba ya isa. A nemi kabu-kabu ko amalanke a tafi CSI mafi kusa, ana ba shi ruwa a hanya in yana iya haɗiya. Tun 2006 gwamnati ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Ko da an tarar wani magani ya yanke sai an saya, kuɗinsa bai kai na zaman makoki ba.

Na huɗu, a karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida-gida da damina ga yara ƴan wata 3 zuwa 59, a kuma cika kwana ukun da aka ce kowane wata. Gidan sauro na kwana ne, ba na shingen lambu ba.

Na biyar, ina kira ga masu tsara karatu a makarantun horon malamai da su sa awoyi kaɗan na waɗannan alamomi. An koya mana yadda ake tsara darasi da yadda ake cika rajista, amma na fito ban san abin da rawayan ido ke nufi ba. Ranar 19 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar masu amosanin jini ta duniya. Kowace makaranta na iya gayyato ma'aikacin jinya a wannan mako ya yi wa malamai da iyaye bayani na awa ɗaya.

Yaron nan Allah ya yi masa sauran kwana. Na je har gida na ba shi haƙuri a gaban mahaifinsa, abin da ban taɓa yi wa ɗalibi ba. Yanzu yana ɗinki a Tasawa, kuma duk lokacin da na bi ta gaban shagonsa sai ya taso ya gaishe ni, ya sa a kawo mini ruwan sanyi. Nakan karɓa in sha, amma kunya ba ta barina in haɗa ido da shi sosai. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ni dai na yi nawa cikin rashin sani. Wanda ya karanta wannan kuwa ya riga ya ji, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu fita haƙƙin yaran da aka ba mu amana. Amin.